Ranar da Baba Ya Dawo da Hantsi

Wata Litinin cikin damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, zazzaɓi ya hana ni zuwa makaranta. Ina kwance kan tabarma a tsakar gidanmu na haya a Unguwar Shanu, Inna na tankaɗen garin masara, sai ga Baba ya turo kekensa da hantsi, mutumin da ba ma ganinsa sai bayan Magariba. Kwanon abincinsa na ɗaure a baya, ko buɗe shi bai yi ba. Inna ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Sun rufe. Wai ƙasar waje za su kai injinan, can ya fi musu araha."

A kamfanin biskit Baba yake aiki, shi ke kula da injin gashi. Duk Juma'a yakan zo mana da leda cike da karyayyun biskit, mu raba da 'ya'yan maƙwabta, sauran in cika aljihu in tafi makaranta, inda ko manyan aji shida sai sun sa ni a wasan ƙwallo. Daga ranar nan komai ya sauya. Baba ya koma yawon gyaran injin markaɗe har Rafin Guza, wata rana a samu, wata rana a rasa. Inna ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida, ni ke kai markaɗen wake da asuba in ɗebo ruwa kafin in sa kayan makaranta, kullum sai na sha bulalar latti.

Abin da ya fi ƙona mana rai, ba a daɗe ba biskit ɗin ya dawo shagunan unguwa, da sunansa da takardarsa, sai dai ya ƙara tsada. Baba ya sayi ɗaya, ya karya, ya shinshina, ya ce, "Ko gashin ba su iya ba." Har ya rasu bai yarda an sake shigo masa da shi gida ba.

A da, layinmu da sassafe cike yake da masu keke za su aiki. Yanzu samari ne zaune a benci da takardun digiri, suna jiran a kira su sauke katan ɗin da aka shigo da shi daga waje. Kwanan baya ɗana ya tambaye ni sana'ar kakansa, na gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "Abba, dama ana yin biskit a Kaduna?"