Layukan Sun Goce da Ɗigo Uku

Ƙanƙara suke kiranta a gidan hangen taurari da ke kan dutsen, ita ma ta daina musu. Mahaifinta mai gyaran firji ne. A shagonsa ta tashi tana miƙa masa sufana, har ta gane sanyi abu ne da ake lallashi. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kula da na'urar da ke tsefe hasken tauraro layi-layi, irin hasken nan na gaba da ja wanda ido ba ya gani. Na'urar ba ta shiri da ɗumi. Kullum da hantsi sai an shayar da ita ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, da la'asar a kunna fitilar gwaji a duba ko layukan na inda aka san su.

Yau ba sa nan. Sun goce da ɗigo uku a allon kwamfuta.

Ta kashe fitilar, ta kunna. Ta zagaya ɗakin, ta dafa tankin na'urar, ta dawo ta kasa zama. Ai ta san dalili. Da safe Baba ya fice, hanyar gida ta sake ɓace masa, ta same shi a ƙofar tsohon shagonsa yana laluben makulli. Sai bayan azahar ta zuba ruwan. Na'urar ta ɗumama, har yanzu ba ta gama hucewa ba.

Dakta, masanin taurarin da ke da aikin daren yau, ya leƙo, rungume da takardar taurarinsa goma. Wata takwas yana jiran wannan daren guda.

"Malama Ƙanƙara, yaya gimbiyar tamu? Ta sha ta ƙoshi?"

"Ta sha," ta ce. Ba ƙarya ta yi ba.

Awon jiya na cikin kwamfuta, tsaf da shi. In ta ɗora shi a madadin na yau, sai bayan watanni lissafin Dakta zai ƙi fita, a ɗora wa iska laifi. Ta gaya wa kanta tausayinsa take ji, kada ta ɓata masa rai. Amma idonta na kan littafin aiki, inda shekara goma sha ɗaya babu makara ko ɗaya a gaban sa hannunta. Littafin take tausayi, ba Dakta ba.

Ta ja littafin, ta rubuta ainihin lokacin, har biron ya huda takardar.

"Dakta, na makara yau. Layukan na yawo. Sai mun riƙa kunna fitila bayan kowane tauraro. Taurari uku za ka rasa."

"Ke? Makara?" Ya cire tabarau ya kalle ta. "To duniya ta tashi. Uku fa kika ce?"

Ya zauna yana soke sunaye yana tsaki. Ta tanadi labarin Baba a bakinta, amma bai tambaya ba, abin kuwa ya fi tsakin ci mata rai.

Ta sake kunna fitilar. Saura ɗigo biyu.