Ganyen da Ya Ɓace a Littafin Malama Saliha

Malama Saliha ɗiyar wani limami ce a Ɗan Isa. Shekarar da aka ƙirƙiro Zamfara ta fara koyar da tafireta a wata makarantar 'yan mata a Ƙauran Namoda. Da Shari'a ta zo aka fi son mata su koyar da mata, sai aka damƙa mata ajin kwamfuta. Kwamfutar kuwa ko ƙyallinta babu. Allo ne da alli, da wani littafi da aka yo mata hotonsa a Gusau.

Daga baya aka ƙara darasin Python, wani yaren ba kwamfuta umarni, aka yo mata hoton sabon littafi, ta haddace shi kamar karatun sallah. Kowace shekara takan rubuta: pip ne ke ɗauko wa Python kayan aiki, a buga pip --version, lambarsa ta fito. Wadda ta ƙara ko wasali a jarrabawa, jan biro ya hau kanta.

Ranar da kwamfutoci shida suka iso, ɗalibai suka yi mata rumfa. Ta yi bisimilla ta buga umarnin. Injin ya ce bai san wani pip ba. Ta sake, haka dai. Ta koma duba littafinta.

Ladan, wanda ya kawo injinan, ya leƙo. "Hajiya, ai dubawa kawai kinka yi. In babu shi, sai a girka shi." Ya buga python -m ensurepip, layuka suka zubo, ya sake dubawa, ga lamba. Da ya buɗe littafinta, daga shafi na arba'in sai na arba'in da uku. Mai hoto ya tsallake ganye guda, wanda ke ɗauke da umarnin girkawar.

Ta tuna Ummuhani 'yar Sakajiki, ɗalibarta wadda shekara uku baya ta ƙara wannan umarnin na girkawa daidai a jarrabawa. Saliha ta soke, ta kira ta mai ƙage gaban aji, makin nan ya hana a zaɓe ta zuwa ƙaro karatu.

Ranar Asabar ta shiga motar Sakajiki. Ta tarar da Ummuhani tana ɓarar gyaɗa.

"Ɗiyata, ke ad da gaskiya. Ki gafarce ni."

Ummuhani ta ɗago, baki buɗe. "Malama, wai ba ki sani ba? Ni duk shekarun ga na ɗauka kin sani, ƙina kawai kike yi."