Ranar da Aka Karrama Ishbel Mair

A Buckie, wani garin masunta a ƙasar Turawa, in ka ce Ishbel Mair babu mai tambayarka wacce. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon wuƙa, don tun tana budurwa take feɗe kifi a rumfar bakin tashar jiragen ruwa. A da ba ta da magana. Ko a coci aka ce ta karanta aya ɗaya sai murya ta maƙale mata, ta koma ta zauna tana zufa a cikin sanyi. Mijinta Dod, wanda ke gyaran injin jirage, yakan tsokane ta ya ce shi kaɗai ne a garin ya auri rediyon da ba shi da batir.

'Ya'yansu biyu. Lachie ne babba, shi ya kwashe surutun gidan gaba ɗaya, ya haɗa da cin tsiya da dariyar da ake jiyowa daga bakin titi. Rhona kuwa uwarta ta biyo, in ba ka duba ba sai ka manta tana ɗakin.

Lachie bai cika ashirin ba ya samu gurbi a jirgin kamun kifi. Wata safiya da hunturu ana sakin taru, igiya ta naɗe masa ƙafa ta fizge shi cikin ruwa. Ba ya sanye da rigar ruwa, rigar nan da ke hana mutum nutsewa. Babu wanda yake sakawa a lokacin. Mazan garin cewa suke tana hana su aiki, amma gaskiyar ita ce kunya suke ji, kada a ce wane tsoron teku yake yi. Abokan aikinsa sun ga hannunsa a sama. Kafin su juyo da jirgi ya tafi, kuma teku ba ta dawo da ko takalminsa ba.

Daga nan rediyon Dod ya samu batir. Ishbel ta sayi rigar ruwa ɗaya, kullum da sassafe ta je ta tsaya inda jirage ke tashi tana riƙe da ita.

"Kai Sandy! Uwarka ta san haka kake fita?"

"Haba Inna Ishbel, ni fa na iya iyo."

"Ka iya iyo? Lachie ma ya iya. Ungo, saka, ko in bi ka har gida in tona maka asiri gaban matarka!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka riƙa canza hanya in sun hango ta. Ba ta fasa ba. Daga tasha ta koma makarantu, daga makarantu zuwa zaurukan taro na garuruwan gaɓar teku, har ta kai ga zama gaban kwamitin majalisa a Edinburgh, babban birninsu, da jakarta a cinya. 'Yan siyasar da suka shekara suna cewa sakatare ya ce mata ba sa nan, su ne suka dawo suna rige-rigen ɗaukar hoto da ita. Sai da ta kwashe shekara goma da wani abu tana wannan zirga-zirga kafin a tsaurara dokar. Yau akwai maza da yawa masu furfura a gaɓar nan da ba don bakin Ishbel ba da tuni kifi ya cinye su, kuma sun sani.

Amma gida fa? Dod bai daɗe ba bayan ɗansa. Shi nasa baƙin cikin ciki ya shige, ya cinye shi a hankali. Rhona ce ta yi jinyarsa tana 'yar makaranta, ita ke dafa miyar kyafaffen kifi da dankali ta rufe wa uwar tata a tukunya, ita ke guge rigar da za a saka gobe a taro. Ba ta taɓa bin Ishbel wajen jawabi ba, don dole wani ya tsaya da gida. Haka ta girma, ta zama ma'aikaciyar jinya a Elgin, wani gari da ke kusa da su, tana tafiya aiki tana dawowa ɗakinta na yarinta.

Ran nan suna wanke kwanuka ta ce, "Mama, wani asibiti a New Zealand ya ba ni aiki."

"Ina ne kuma haka?"

"Kin san inda yake. Ban amsa musu ba tukuna. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata."

Ishbel ta ce to, ta ci gaba da goge faranti ɗaya har ya kusa hujewa. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun safiyar Lachie. Matar da ta tsaya gaban ministoci ta kasa buɗe baki ta ce wa 'yarta kada ki tafi.

Maƙwabciyarta Jessie, wadda suka yi feɗar kifi tare tun suna 'yan mata, ba ta raga mata ba.

"Ke dai wallahi kin cika abin haushi. Kin iya yi wa gwamnati tsawa, 'yar cikinki ta gagare ki? Ki zaunar da ita ki ce kina sonta a kusa da ke, shi ke nan."

"Ai ta sani."

"Ta sani a ina? A jarida ta karanta?"

A cikin makon aka bugo waya daga wata jarida da ke shirya bikin karrama 'yan siyasa duk shekara. A cikin kyaututtukan akwai guda da ake ware wa talaka mai fafutuka, don kada a ce manya sun taru sun yabi junansu kawai. Sunan Ishbel ya shiga cikin ukun ƙarshe, kuma an ba ta kujera biyu. Nan take dabara ta faɗo mata. Za ta tafi da Rhona. In yarinyar ta ga ɗaki cike da manyan ƙasa sun miƙe wa uwarta, za ta gane cewa duk shekarun nan ba a banza suka tafi ba, za ta gane nan ne gida. Abin da baki ya kasa faɗa, biki zai faɗa mata.

Kafin ranar, wata yarinya mai fara'a ta zo da mai ɗaukar hoto don su haɗa ɗan gajeren fim da za a nuna a wajen. Suka zaunar da Ishbel a falo ƙarƙashin hoton Lachie. Rhona ta dawo daga aiki ta tarar da su, ta shiga kicin ta haɗo musu shayi, ta ajiye ta fita a hankali don kada ta ɓata musu aiki.

Otal ɗin da aka yi bikin ya fi cocinsu girma. Maza sun sha kayan gargajiyarsu masu kama da siket, gwiwoyi a waje, mata sai ƙyalli suke. Aka zaunar da su teburi ɗaya da wani ɗan majalisa wanda sau biyu yana kiran Ishbel da Isabel, kuma yana rantsuwa cewa tun farko yana bayanta. Rhona ta sa doguwar riga kore. Ishbel ta kalle ta ta ga ashe kyakkyawa ce, ta yi niyyar faɗa, sai aka kawo miya.

Aka fara rabo. Wannan ya fi kowa iya muhawara, wancan sabon shiga ne mai tasowa, wani tsoho kuma an ba shi ta daɗewa, wato ta ƙin mutuwa. Mutanen da suka wuni suna zagin juna a majalisa ga su nan suna rungume-rungume, kowa ya hau ya ce bai cancanta ba alhali ya rubuto jawabinsa tun daga gida. Rhona ta sunkuyo ta ce, "Mama, wancan mai jan hancin in ya ƙara kofin giya ɗaya ni za a kira in duba shi." Suka yi dariya a ɓoye, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Ishbel ta ji daɗi har cikin ranta, ta ce a zuciyarta aiki ya yi kyau.

Sai aka rage fitilu, falonta ya bayyana a bango, ya yi girman da ba ta taɓa zato ba. Ga Lachie a saman murhu, ga Lachie a kan talabijin, ga shi da kayan makaranta, ga shi riƙe da kifi. Ba ta taɓa lura cewa bangon nan kaf mutum ɗaya ne a jikinsa ba. Muryar yarinyar nan mai fara'a ta tambaya, "Me kika rasa a ranar?"

Ishbel ta bango ta ɗago kai ta ce, "Komai. Teku ta ɗauke mini duk abin da na mallaka. Tun ranar da Lachie ya tafi, in na koma gida babu kowa."

Jim kaɗan bayan haka, a gefen hoton, hannun Rhona ya shigo da rigar aikin asibiti, ya ajiye kofin shayi a gabanta ya janye.

Maganar ba sabuwa ba ce. Ishbel ta faɗe ta a zauruka sun fi a ƙirga, ita ce ke sa shugabannin jirage sunkuyar da kai, ita ce ke sa 'yan majalisa neman hankici. Ta faɗe ta har ta daina jin abin da take cewa. Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa jin ta ba, don kullum yana gida yana dafa mata abinci, kuma ga shi zaune a gefenta. Magana zarar bunu ce. Ishbel ta kasa juyawa, ta dai ji kafaɗar da ke jingine da tata ta janye.

Aka kira sunanta. Ɗaki ya miƙe tsaye, Rhona ma ta miƙe tana tafi, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ishbel ta hau matakala tana cewa a ranta, yanzu zan gyara, yanzu zan faɗa musu wadda ta riƙe ni. Amma fitila ta haske mata ido, aka danƙa mata kyautar, wani gilashi mai nauyi, baki kuma ya kama hanyar da ya saba. Ta yi maganar igiya, ta yi maganar hannun da aka gani a sama, ta gode wa jarida, ta gode wa masunta. Sai da kiɗan sallama ya tashi sannan ta ce, "Da 'yata Rhona," amma tafi ya riga ya rufe muryar. Ko teburin gaba ba su ji ba.

Da safe suka isa tashar jirgin ƙasa da wuri. Tun jiya Rhona ba ta canza mata ba, ita ta cire mata takalmi, ita ta naɗe gilashin a cikin rigar sanyi don kada ya fashe. Wannan kirkin ya fi zagi ciwo. Suka zauna a benci, jaka a tsakaninsu.

"Rhona, maganar jiya..."

"Bar shi, Mama."

"A'a, ki tsaya. Magana ce kawai ta taro, haka nake faɗa don su ji a jikinsu. Ba haka nake nufi ba."

Rhona ta amsa tana kallon allon lokutan jirage. "Da ƙarya kika yi da sauƙi. Na ga fuskarki, Mama, gaskiya kika faɗa. Kuma ban ji haushi ba, wallahi. Na daɗe ina jin haka a gidan, na ɗauka ni ce mai mugun tunani. Jiya na huta."

"Ke ce fa kika riƙe ni. Ba don ke ba..."

"Na sani. Na riƙe ki, kin riƙe Lachie." Ta share ido da bayan hannu, ta yi ɗan murmushi. "Ni ma yayana ne, kin sani? Ban taɓa samun wanda zan yi kukansa a gabansa ba. Ke kina taro, Baba yana kwance."

Ishbel ta kama hannunta. "Kada ki tafi, 'yar nan. Don Allah."

Ga shi dai ta faɗa, kuma bai fi ƙarfin bakinta ba. Da ta san haka yake da sauƙi da ta faɗa tun a kicin.

"Na amsa musu da safen nan," in ji Rhona. "Bayan Kirsimeti zan tafi. Zan riƙa kira. Jessie tana nan, kuma kin san ba za ta bar ki ki huta ba."

Ba ta janye hannun ba. Ishbel ta ji dole ta yi wani abu, ko yaya yake, in ba haka ba za ta rushe da kuka a gaban jama'a. Ta miƙe ta ce, "Zauna, yau ni zan kawo miki shayi."

Ta bi layi a ɗan shagon tashar. Da aka zo kanta ta ce a ba ta biyu, ɗaya baƙi nata.

"Ɗayan fa, Inna?" in ji mai shagon. "Da madara? Sukari nawa?"

Ishbel ta buɗe baki. Na Lachie cokali uku ne da madara har ya yi fari. Na Dod cokali ɗaya. Ta waiwaya ta hango Rhona a benci, ta rungume jakar gilashin a ƙirji kada wani ya ture ta.

"Inna? Akwai mutane a bayanki."

"Yi haƙuri, ɗana," in ji ta, hawaye na zubo mata. "Bari in je in tambaye ta."