Ranar da Yaya Ta Auna Gaz a Tsakar Gida

Yayata ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce lise, wato sakandare, ta karanta shimi, ilimin sinadarai, a jami'a. Wata damina ta zo bakans, wato hutu, Ibohamane, lokacin ina koyarwa a lakwal ɗin garin. Cikin kayanta akwai ɗan sikeli mai batir da gwangwani cike da fararen ƙwayoyi kamar gero. Ta ce sunansu zeyolit.

Inna ta ɗebi kaɗan ta murza. "Wanga mi na ne? Ci akai?"

"A'a, Inna. Kowace ƙwaya cike take da ramukan da ido bai gani. Gaz na shiga ciki ya maƙale. Aikina in auna nawa ya shiga."

Baba ya yi dariya. "Iskar da ba a gani za ki aza bisa sikeli?"

Washegari da hantsi ta gasa ƙwayoyin a kasko don damshin da suka sha ya fita. Ta juye su a kwalba, ta toshe, suka huce, ta auna, ta rubuta a kaye, littafinta na rubutu. Sai ta sa aka kashe wutar murhu, muka koma gindin itacen bedi. Ta cika balan-balan da gaz daga butel, tukunyar gaz ɗin girkina, ta ɗaure bakinta a wuyan kwalbar.

Muna kallo balan-balan ɗin ta fara yamushewa har ta kwanta. Yaya ta miƙa wa Baba kwalbar.

"Ikon Allah, ta yi ɗumi, kuma babu wuta!"

Da aka mayar da ita kan sikeli, nauyi ya ƙaru. Na yi tafi, na ce an gama.

"Da saura," in ji ta. "Awo guda ba shaida ba ne. Ƙila damshi ya shiga."

Sau huɗu ta maimaita. Na biyun ya saɓa wa sauran. Ba ta goge shi ba, ta rubuta dalilin da take zato a gefe. Ta ce a labo, ɗakin gwajinsu, kowane gaz daban ake gwada shi, metan, etan, butan, kuma lamba ɗaya kan cinye mata yini.

Baba bai je gona ba ranar. Bayan azahar ya aika aka kira liman da maƙwabcinmu makiyayi, ya ce mata, "Ɗiyata, sake yi su gani." Ta sake hura wuta, ta ɗora kaskon.