Kawu Ilu, Wanzamin da Ba Ya Son Cire Haƙori

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi ina ɗaura wa jaki akumari, zan kai matata Hansai Ɗansoshiya wurin kawuna Ilu wanzami saboda dasashinta ya kumbura, sai ga ɗan aike a kan keke. Ya ce Kawu ya cika bayan sallar asuba. Na saki akumarin, na zauna a ƙasa.

A duk ƙasar Kiru ban san wanzamin da yake ƙin ɗaukar awartaki kamarsa ba. In mutum ya zo dafe da kunci yana roƙon a cire masa haƙori, sai Kawu ya ce, "Cirewa ba wuya, amma ban iya mayarwa ba. Buɗe in gani tukuna."

Ni shaida ne. Shekarar da na dawo daga haƙar kuza a Riruwai, ko rogo na gatsa sai na ga jini. A masallaci na kusa da ni kan kau da kai saboda warin bakina. Na ɗauka sammu aka yi mini. Kawu ya miƙo mini ɗan madubinsa ya ce, "Ka ga dauɗar nan da ta daskare a gindin haƙori? Ita ke cin dasashi. Ba wanda ya yi maka asiri. Tuwo ne da goro da garin taba da kake bari suna taruwa."

Ya yanko reshen marke, ya sa na tauna bakinsa har ya yi laushi. Da na fara gogawa sai ya riƙe hannuna. "Ba gindin tukunya kake kankarewa ba, ɗana. Kwantar da asuwakin inda haƙori ya haɗu da nama, ka sharo a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, har na ƙurya. Kada ganin jini ya sa ka daina." Sauran haƙorana suka tsira, biyu na ƙasa suka zube. Ya fi ni baƙin ciki, yana ta cewa, "Da ma bara ka zo."

Yau kwana huɗu Hansai, da cikinta na wata bakwai, ba ta iya tauna komai sai kurɓar kunu. Na ba ta ruwan ɗumi da gishiri tana kuskurewa, kamar yadda Kawu ya koya mini, kumburin bai sauka ba. Ban san ko abin ya wuce asuwaki ba. Shi ne mai dubawa ya sani. Asibiti yana Kano, rafuka sun cika, mota ba ta shigowa. Sau nawa ya ce in zauna in koyi sana'ar, na ce sai bayan girbi!

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Ilu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba matarsa Inna Asabe da 'ya'yansa shida haƙurin rashinsa. Mu kuma da muka rasa wurin zuwa, ya Ubangiji, kada Ka bar mu da dabararmu. Amin.