Carbin Rhimo da Makullin Banɗakin Kasuwa

A Montreal na yi karatun kiwon lafiyar jama'a, kuma a can na rubuta shafi arba'in ina yabon 'yan sandan da ke raba wa masu allurar hoda maganin farfaɗowa, ɗan abin nan da ake fesa wa mutum a hanci idan hodar ta fi ƙarfinsa numfashi ya tsaya. Da na dawo gida na ji an fara yin haka a garinmu, sai na rasa murna zan yi ko me. Na san maganin yana aiki. Na kuma san 'yan sandanmu.

Wadda ta warware mini ita ce Rhimo, mai tsaron banɗakin da ke bayan kasuwar kifi, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata. Shekara ashirin ta yi tana dakon kaya a bayanta daga kan iyakar ƙasa da ke garin Sabta, har gwiwoyinta suka ƙi. Da mijinta ya rasu, hukumar gari ta ba ta makullin banɗakin. A wuya take rataye shi da igiya. Shi ne cinta, shi ne ɗakin da take kwana.

Ƙofa shida ne a wurin, babu mai sakata ko ɗaya, don ita da kanta ta cire su. Idan ɗan allura ya shiga, sai ta ɗauki carbi. Zagaye biyu take ba shi. In ta gama ta buga ƙofa bai amsa ba, ta tura. A da, mari da ruwan sanyi da albasa a hanci ne kawai maganinta. Mutum biyu suka mutu a hannunta cikin shekara guda, sai jami'in hukumar gari ya zo ya tsaya nesa da ƙofa, hankici a hanci, ya ce in aka fitar da gawa ta uku za a toshe wurin da bulo, ta miƙa makulli.

Ranar da 'yan sanda suka yi rabon maganin ina wurin. An shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur a dandalin kasuwa, an jera 'yan jakunkuna masu tambarin 'yan sanda, mai hoto yana ta kai da kawo. Waɗanda za a ba kuwa tun da safe aka kwaso su, a motar da aka saba kai su sel. Sufeto Ayachi, mai yankin, yana miƙa jaka yana riƙe da hannun mutum har sai hoto ya ɗauku.

"Kai Mfeddal, yi dariya mana! Kyauta ake ba ka, ba sammaci ba."

"Ranka ya daɗe, haƙoran da zan yi dariyar da su ai suna ofishinku," in ji Mfeddal, wani tsohon masunci da hoda ta mayar kamar sandar rake.

Ran Alhamis aka yi kame. Duk wanda aka laluba aka samu jakar a aljihunsa, ba a ƙara tambayarsa komai ba, jakar ta isa shaida. Kafin la'asar labari ya zaga. Duk mai jaka ya nufi wurin da babu mai ganinsa, ya rabu da ita.

Da safiyar Juma'a na tarar da ruwan ƙazanta ya malalo har bakin layi, masu kifi suna ta zagi. Rhimo tana durƙushe a ƙofa ta biyu, ta naɗe hannun riga har kafaɗa, hannunta ya nutse cikin rami. Ta zaro jaka, ta jefa a bokiti, ta sake zurawa. Talatin da ɗaya ta fitar a ranar.

Na ɗauka juji za ta kai su. Sai na ga ta yage jakunkunan ta zubar, ta ware maganin da ledarsa ke a liƙe, ta wanke da ruwan bilic sau uku, ta shanya a rufin ɗaki kusa da barkononta. Ta zuba su a tsohuwar tukunyar kuskus, ta rufe.

"Inna, wannan bai halatta ba," na ce. "Abin da ya fito daga masai ba a sa wa mutum a hanci."

"To, likitar Kanada. Ki kawo mini mai tsabta in zubar da wannan."

Na je neman mai tsabtar. A ofishin 'yan sanda aka ce sai mai allurar ya zo da kansa, da katin shaidarsa, ya sa hannu. Na dawo hannu rabbana, ban ƙara yi mata wa'azi ba. Na dai nuna mata yadda ake kwantar da mutum a gefe bayan an fesa.

Bayan sati biyu, da hantsi, muna shan shayi da na'ana'a a bakin ƙofa, Mfeddal ya wuce mu ya shiga ƙofa ta huɗu. Rhimo ta ajiye kofi ta ɗauki carbi. Muna hira tana ja. Da zagaye na biyu ya ƙare ta ɗaga murya.

"Mfeddal! Ka haihu ne a ciki?"

Shiru. Ta tura ƙofar da ƙafa. Yana zaune a ƙasa cikin jiƙa, kai a kan gwiwa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Muka jawo shi waje, ni ƙafa ita kafaɗa. Ta buɗe tukunya, ta yage leda da haƙori, ta fesa. Ina ƙirga numfashin da babu shi, ita kuma hannunta ɗaya yana kan makullin wuyanta. Can sai ya ja iska kamar tsohon injin jirgin ruwa, ya juya, ya kelaya amai a kan silifas ɗinta.

"Allah ya isa, tsohuwa," ya ce da ya gane inda yake. "Kin ɓata mini abin da na wuni ina nema."

"Tashi ka ba ni wuri, mushen kifi. Ka je ka mutu a masallaci, can suna da masu wanka."

Taron da ya haɗu ne ya jawo Sufeto Ayachi. Ya tsinci kwalbar feshin a ƙasa, ya gane ta, fuskarsa ta washe. Ga shirinsu ya ceci rai, ga shaidu. Ya ce a tsayar da Mfeddal kusa da shi. Hannunsa ɗaya na riƙe da wuyan rigar mutumin, yana son ciro waya da ɗayan, sai ya cafke kwalbar da haƙoransa.

"Hajiya, ina kika samu wannan?" ya tambaya bayan ya ɗauki hoton.

"A rami na biyu, ranka ya daɗe. Da hannuna na zaro, ran Juma'ar da masai ya toshe. Akwai saura in kana so."

Masu kifi suka fashe da dariya. Sufeto ya yi ta tofar da yawu har ƙarshen layi, ya manta da Mfeddal, ya manta da tukunya. Amma hoton ya shiga rahoto, kuma rahoton ya ce banɗakin bayan kasuwa wuri ne da shirin ya yi nasara. Wurin da aka yaba a takarda ba a toshe shi da bulo. Jami'in hankici bai sake zuwa ba.

Rhimo tana wanke silifas a bakin famfo na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina.

"Inna, tsakaninki da Allah, don su kike yi, ko don makullin?"

Ba ta ɗago ba.

"'Yar nan, shekara ashirin ina ɗaukar kayan mutane a bayana. Wanda ya farfaɗo da ƙafarsa yake fita, yana zagina. Gawa kuwa sai an ɗauka. Ni na gama dako."