Ledar da na binne a gona

Ban yi daidai ba, kuma na san haka tun ranar da na ɗauki shebur na rufe ramin.

Abin ya faro ne lokacin da wani kamfani ya zo gyaran hanyar da ta ratsa garinmu, kusa da Aujara. Injiniyansu ya tara mu a ƙofar gidan mai unguwa, ya ce an samo sabuwar dabara: a yayyanka leda da robar ruwa, a narka su cikin kwalta, sai hanya ta fi jure ruwa da rana. Ya ce mu tara, tifa za ta zo ta kwashe. Ni firamare kawai na yi, amma ina da baki. Ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce ni ne wakilinsu. Daga nan kaina ya kumbura.

Na bi kasuwanni har Dutse ina tsintar leda. Na hana mata ƙona ta a murhu. Ledar ruwa, baƙar leda, ledar ƙosai da ta awara mai maiƙo, duk na jibge su a gonar da na gada wajen mahaifina. Wata rana injiniya ya zo da baƙi cikin manyan motoci, suka tsayar da ni gaban tulin, aka yi mana hoto. Na sa sabuwar hula.

Tifa ba ta zo ba. In na buga waya sai ya ce, "Sati mai zuwa, wakili." Daga baya ya daina ɗauka. Suka zuba kwaltarsu irin wadda kowa ya sani, suka kwashe injina suka tafi. Wani direbansu da na haɗu da shi a tasha ya yi mini dariya.

"Kai ka yarda? Ai ko injin yanka ledar ba mu da shi. Hoto kawai oga yake so."

A majalisa kuma aka sa mini suna Sarkin Leda. "Ranka ya daɗe, yaushe za a buɗe hanyar taka?" Kunya ta sa na haƙa rami a gefen gonar, ba mai zurfi ba, na tura ledar ciki na watsa ƙasa a kai. Damina ta zo, ciyawa ta rufe wajen.

To, akwai wani dattijo Bafulatani, aminin mahaifina, da muke kira Baffa. Duk shekara bayan girbi yakan sauka da shanunsa a gonarmu, su ci kara su bar mana taki. Tun ban san kaina ba ake haka. Ya zo kamar kullum, da sandarsa a kafaɗa.

"Kai Kaɗo, ka bar mana kara bana, ko ka cinye abinka da miya?"

"Baffa, ai na ajiye maka. Na san haƙoranka sun fi nawa."

Ya yi dariya, sannan ya nuna gefen gona da sanda. "Wancan tudun fa? Bara babu shi."

Na ce gara ce.

Shanu suna son gishiri da maiƙo, kowa ya sani, ni ma na sani. Suka tone wajen da kofato. Ba a daɗe ba wasu suka fara ramewa, ciki a kumbure. Baffa ya yi ta sayen magani, yana zaton ciwon hanta ne. Ya zauna a kan tabarmata ya gaya mini damuwarsa, na ce Allah ya sawwaƙe, na miƙa masa fura.

Da farar saniyarsa ta faɗi, aka yi sauri aka yanka. Mahauci ya buɗe tumbi, ya riƙa jawo leda a murɗe kamar igiya. Baffa ya duba, ya taka zuwa tudun, ya caka sandarsa ya ɗago. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗan Malam," ya ce, "ko ƙaya babanka ya gani a gonar nan sai ya gaya mini."

Washegari ya tashi da shanunsa, suka yi wajen Taura.

Na daɗe ina gaya wa mutane yadda kamfani ya cuce ni, kuma gaskiya ne, har yanzu in na hau kwaltar nan raina yakan ɓaci. Amma duk lokacin da na kai labarin wajen shanu sai in gajarta. Da kaka ta zagayo Baffa bai zo ba, ya sauka a gonar wani.

Na tone ramin, na kwashe ledar tas a buhuna. Sannan na hau babur na same shi a ruga yana tufka igiya. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baffa, ba gara ba ce. Ni na binne ledar. Ka tambaye ni na yi maka ƙarya, kana sayen magani ina kallonka na yi shiru. Ba kamfani ne ya kashe maka saniya ba, ni ne. Don Allah ka yafe mini."